Da gaske ne ƙwayar cuta kan kwanta a jiki ta jira mutum ya raunana?

Abu_Fatima_Gusau
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu, da duk wanda ya taɓa ganin irin wannan. Ƙanena direban babbar mota ne. Da damina ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon maƙogwaro, har kaluluwa ta fito masa a wuya. Zazzaɓi ya tafi, amma ga shi har an kai amfanin gona gida bai koma aiki ba. In ya taka daga gida zuwa masallacin Juma'a, washegari wuni yake kwance, kai na ciwo, magana ma sai ya riƙa mance abin da zai ce. An gwada maleriya, babu. An ce taifot, an yi allurai an ƙara ruwa, shiru. Wani ma'aikacin asibiti ya ce masa akwai ƙwayoyin bairos da ba sa barin jiki, kwanciya suke yi, sai wata cuta ta kayar da mutum su farka. Maganar nan tana da tushe, ko hanyar sallamar marar lafiya ce in an rasa abin faɗa?

Maman_Khairat
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ni ma ina jiran amsa, don yayata haka ta zama tun lokacin korona. Mace ce mai zafin nama, amma yanzu ko tuwon mutum biyar ta tuƙa sai ta kwana tana jin jiki.

Bature_Tsafe
Hanyar sallama ce mana. In likita ya duba ya ga babu komai sai ya ce "bairos ne", don ya san ba ka da yadda za ka yi ka ƙaryata shi. Ku ba shi abinci mai kyau, ya tashi ya riƙa motsa jiki. Zaman gidan ne ke ƙara kashe masa jiki.

Sista_Hadiza
Malam Bature, a'a. Maganar tana da tushe, kuma kusan kowa a nan ya taɓa ganin shaidarta da idonsa. Wa bai taɓa ganin mutum ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba sai ƙuraje masu ruwa sun fito masa a gefen leɓe? Ba maleriyar ce ta kawo su ba. Wani bairos ne da ya shiga jiki tun yarinta ya ɓuya a cikin jijiyar fuska. Zazzaɓi ko zafin rana ko wahala suna taɓa garkuwar jiki, sai ya biyo jijiyar ya fito leɓe, ya yi kwanakinsa ya koma.

Na biyu ƙarambau. Yaro ya yi ƙarambau ya warke, kowa ya manta. Amma ƙwayar ba ta fita ba, tana nan cikin tushen jijiyoyi kusa da laka. Bayan shekara talatin ko hamsin sai ka ga ƙuraje masu raɗaɗi sun fito a gefe ɗaya na haƙarƙari ko goshi, sun yi layi, ba sa tsallakawa ɗaya ɓangaren. Likitoci na ce masa shingil. Ƙwaya ɗaya ce da ta ƙarambau, ba sabon kamu ba ne.

Abin da ba zan iya ce maka ba, Abu Fatima, shi ne wannan ne ke damun ƙanenka. Sai an duba shi.

DanMafara
Sista ta hwaɗi gaskiya. Ni wanga abu awa gaiwa ni ka ganinai. In tabki ya ƙahe sai ta nutse cikin laka ta lahe, ka bi ta kan wurin da ƙahwa ba ka san da rai ƙasa ba, ruwan hwarko na sauka ta hito. Tsohonmu ya yi waɗanga ƙuraje na gehe guda shekarar da munka baro ƙauye sabili da rashin tsaro. Mutane sunka ce jihwa ne anka yi mai. Ƙurajen sun bushe cikin 'yan makonni amma raɗaɗin ya daɗe, ko riga ba shi son ta taɓa wurin.

Sista_Hadiza
Allah sarki. DanMafara, wannan raɗaɗin da ke saura bayan ƙurajen sun warke sananne ne, jijiyar ce ta ji rauni, kuma ya fi kama tsofaffi. Shi ya sa ake son a fara maganin asaikulobiya cikin kwana uku da fitowar ƙurajen. In a goshi ne ko kan hanci, ranar za a tafi asibiti, don yana iya taɓa ido.

Malam_Sani_Bungudu
Jama'a kada mu manta akwai sihiri, akwai kambun baka, kuma duk gaskiya ne. Amma ni abin da nake gaya wa masu zuwa wurina, a yi azkar a yi addu'a, a kuma je a yi awo. Ba a hana mu neman magani ba. Abin da ba na so shi ne a ɗora wa maƙwabci ko kishiya laifi ba da hujja ba, zumunci ya lalace a kan ciwon da ƙila ƙarambau ɗin yarinta ne ya dawo.

MaiAwo_Kaura
Ni a ɗakin gwaje-gwaje nake aiki, bari in taɓo maganar taifot ɗin nan don tana ci mini tuwo a ƙwarya. Gwajin Widal da ake yi sau ɗaya ba ya tabbatar da taifot. A wuri irin namu mutane da yawa masu lafiya ƙalau in ka gwada su zai nuna, saboda sun taɓa yi a baya ko wani zazzaɓin daban ya ɗaga shi. Abin da ke tabbatarwa shi ne a ɗauki jini a rena ƙwayar a gani. Sai ka ga mutum duk wata uku yana shan antibayotik na "taifot", alhali antibayotik ba ya taɓa bairos ko kaɗan, cikinsa kawai yake lalatawa da aljihunsa.

Abu_Fatima_Gusau
MaiAwo, Widal ɗin kuwa aka yi masa. To me ya kamata mu nema a gwada?

MaiAwo_Kaura
Likita ne zai rubuta, amma abubuwan da aka saba fara cirewa su ne ƙarancin jini, ciwon suga, ciwon hanta nau'in B da C, ƙanjamau, tarin tibi, ƙoda, da maƙoƙo. Duk suna sa kasala mai daɗewa, kuma yawancinsu suna da magani. Kada a tsallake waɗannan a tafi neman abu mai wuyar suna.

Dalibin_Likita_Sokoto
Salam. Ina karatun likitanci, ban gama ba, don haka ku ɗauki maganata a matsayin ta ɗalibi. Ciwon maƙogwaro da kaluluwa da gajiya mai tsawo suna tuna mini bairos ɗin Epstein-Barr. Tarihinsa ma a Afirka ya faro. Wani likitan fiɗa, Denis Burkitt, ya yi bayanin wani ciwon daji da ke kumbura muƙamuƙin yara a Yuganda a 1958. Daga ƙwayoyin irin wannan ƙarin ne Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano bairos ɗin a Landan a 1964. Ta yawu yake yaɗuwa, fiye da kashi 90 cikin ɗari na manya a duniya suna ɗauke da shi, kuma a ƙasashenmu yawanci tun muna ƙanana muke kamuwa ba tare da an lura ba. Yana zama cikin wasu ƙwayoyin farin jini har ƙarshen rayuwa.

Game da ciwon da ke saura bayan korona, wani bincike da Akiko Iwasaki ta Jami'ar Yale da abokan aikinta suka fitar a 2023 ya nuna masu wannan matsala suna da alamun garkuwar jikinsu na faɗa da Epstein-Barr fiye da waɗanda suka warke sarai, kuma kotisol ɗinsu, wato sinadarin da jiki ke fitarwa don jure matsi da wahala, ya yi ƙasa. Wannan ne ya sa ake zargin korona kan tashe shi daga barci.

Bature_Tsafe
To ka ga ni ka kawo wa hujja. In mutum tara cikin goma suna da shi, me ya sa ba dukkanmu muke kwance ba? Abin da kowa ke da shi ba zai zama dalilin ciwon mutum ɗaya ba.

Dalibin_Likita_Sokoto
Tambayarka mai kyau ce, kuma masu binciken kansu a nan suke ja da juna. Ganin bairos ya farka a jikin marar lafiya bai nuna shi ne ya kwantar da shi ba. Yana iya zama garkuwar jikin ce ta rikice tun farko, shi kuma ya sami ƙofa a buɗe ya leƙo. Akwai wasu bayanan da ake bi: ragowar ƙwayar koronar kanta da ke saura a hanji, garkuwar jiki da ke juyowa ta yaƙi mai ita, da matsalar ƙananan hanyoyin jini.

Amma cewa abin da kowa ke da shi ba zai cutar da wasu kaɗan ba, wannan ba haka ba ne. A 2022 masu bincike na Harvard sun bi bayanan sojojin Amurka sama da miliyan 10, suka ga haɗarin kamuwa da cutar MS, wadda ke cinye rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, ya ninka sau 32 bayan mutum ya kamu da Epstein-Barr. Kusan kowa na da bairos ɗin, masu MS kuwa 'yan kaɗan ne. Haka ciwon dajin Burkitt, ya fi yawa inda maleriya ta yi katutu, don su biyun ne ke haɗuwa a kan yaro.

MaiAwo_Kaura
Ɗalibi, ƙara musu da wannan kafin wani ya je ya zubar da kuɗinsa. Gwajin da ke nuna ka taɓa kamuwa da Epstein-Barr, in aka yi wa duk 'yan zauren nan kusan kowa zai fito da shi. Don haka in wani ya karɓi kuɗinka ya nuna maka takarda ya ce ga abin da ke damunka, sannan ya ciro kwalbar maganin da zai wanke shi, ka riƙe aljihunka. Babu maganin da ke fitar da shi daga jiki.

Ummu_Sadiq
Ni dai na gode wa Allah da na ga wannan hira. Bayan na yi wani zazzaɓi da tari na daɗe ban dawo daidai ba. Abin da ya fi ciwon zafi shi ne maganganun mutane. Dangin miji suka ce son jiki ne, wata ma ta ce don na ji ana maganar ƙarin aure ne na kwanta. In na daure na yi wanki da shara don a daina magana, sai in yi kwana biyu ko ɗaga kai ba na iyawa. Malam Bature, ka yi haƙuri, amma shawarar "tashi ka motsa jiki" ita ce ta fi cutar da ni.

Sista_Hadiza
Ummu Sadiq, abin da kika faɗa shi ne babbar alamar da ake dubawa: mutum ya yi ɗan aiki, ba a take ba, bayan kwana ɗaya ko biyu jiki ya rushe. Gajiyar yau da kullum in ka huta tana tafiya, wannan ba ta tafiya da barcin dare ɗaya. A Ingila hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya ta sauya shawararta a 2021, ta daina cewa a riƙa ƙara wa masu irin wannan ciwo motsa jiki mataki-mataki. Yanzu cewa ake mutum ya san iyakar ƙarfinsa, ya rarraba aikinsa, ya tsaya kafin ya kai ga gajiya. Abu Fatima, wannan ya yi kama da abin da ka ce na zuwa masallaci. Kada ku matsa masa ya koma tuƙi, ga haɗarin hanya ma.

Bature_Tsafe
Hajiya Ummu Sadiq, Allah ya ƙara sauƙi, ban yi don in ɓata miki ba. Amma har yanzu ina ganin damuwa na da hannu. Mutanenmu suna cikin tashin hankali, ga tsadar abinci, ga rashin barci saboda tsoro. Wa zai ji ƙarfi a haka?

Dalibin_Likita_Sokoto
Damuwa na da hannu, amma ba yadda kake nufi ba. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta gwada 'yan sama jannatinta, ta ga fiye da rabinsu waɗannan ƙwayoyin da ke kwance sun farka suna fita a yawu ko fitsari lokacin tafiya, saboda matsin da jiki ke shiga. Waɗannan kuwa zaɓaɓɓun masu lafiya ne. Ka ga tsohon DanMafara ma a shekarar gudun hijira abin ya fito masa.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, an yi wani bincike a garin Dubbo na Ostireliya da aka buga a 2006. An bi mutanen da suka yi cututtuka uku daban-daban, ciki har da Epstein-Barr. Wajen ɗaya cikin goma ba su dawo daidai ba bayan wata shida, kuma abin da ya fi nuna wanda zai daɗe shi ne tsananin ciwon farko, ba halin mutum ko damuwarsa ba. Yawancinsu sun ci gaba da samun sauƙi a hankali.

Anka_Boy
Ku yi haƙuri in kauce kaɗan. In mutum ya taɓa aikin haƙar zinariya ko niƙan dutse, ko yana zaune inda ake yi, a gwada masa gubar dalma. Mu mutanen Anka da Bukkuyum mun ga abin da ta yi a 2010, yara sama da 400 suka rasu. Manya ba su cika mutuwa ba amma tana sa kasala, ciwon ciki, ciwon kai da mantuwa. Direba ma in yana ɗaukar kayan ma'adinai ko yana kwana a wuraren, a faɗa wa likita.

Abu_Fatima_Gusau
Hatsi da siminti yake ɗauka, amma zan tambaye shi. Na gode.

Hajiya_Yar_Shinkafi
Ai sanƙarau ma haka yake yi. Tun na 2017 ɗan maƙwabtanmu bai ƙara ji da kunne ba. Ashe ƙwayar ce ke kwance a kunnen?

Sista_Hadiza
A'a Hajiya, wannan daban. Sanƙarau ɗin 2017 bakteriya ce ta kawo shi, ba bairos ba, kuma ƙwayar ta mutu tun lokacin. Ɓarnar da ta yi wa jijiyar ji ce ta saura. Zazzaɓin Lassa ma kan bar kurumta ga wajen ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tsira. Wato wani ciwon tabo ne cuta ta bari ta wuce, wani kuwa ƙwayar ce ke nan da ranta. Misalin na biyun da ya fi tayar da hankali shi ne Ebola: ɓarkewar da aka yi a Gini a 2021, binciken ƙwayar ya nuna ta samo asali ne daga wadda ta saura a jikin wani da ya tsira daga annobar shekarun 2014 zuwa 2016.

Maman_Khairat
Innalillahi. To Sista, ƙyanda fa? Na lura yaran da suka yi ƙyanda sai su yi ta ciwo bayanta, yau gudawa gobe tari.

Dalibin_Likita_Sokoto
Bari in amsa kafin Sista ta dawo. Lurarki daidai ce. Ƙyanda tana goge abin da garkuwar jiki ta haddace na cututtukan da yaro ya taɓa yi. An gwada yaran da ba a yi wa rigakafi ba a Holan, aka buga sakamakon a 2019: bayan ƙyanda sun rasa tsakanin kashi 11 zuwa 73 cikin ɗari na nau'o'in kariyar da ke jininsu. Shi ya sa yaro ke komawa baya, komai ya zo sai ya kama shi. Allurar wata tara ba ƙuraje kaɗai take hanawa ba.

Ummu_Sadiq
Tunda an zo maganar garkuwar jiki, a ja kunnen mata 'yan'uwana kan sha-ka-fashe. Lokacin da na rame, har gida aka kawo mini wai in sha in ciko.

MaiAwo_Kaura
Allah ya tsare ki da ba ki sha ba. Yawancin abin da ke ciki deksametason ne, kuma aikinsa danne garkuwar jiki. Kumatun da ke cikowa ba lafiya ba ce. Mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B bai sani ba, in ya daɗe yana sha, ƙwayar na iya tashi ta illata hanta. Haka tibi, haka ƙwayar ƙarambau. Wasu masu kemis kuma suna saka shi cikin haɗin maganin ciwon jiki, mutum ya ji garau kwana biyu ya ce maganin na da kyau. Wanda ya daɗe a kansa kada ya yanke rana ɗaya, likita ne zai rage masa a hankali.

DanMafara
To wai ni ban gane ba, an ce ba a da maganin hidda su, an ce kuma a tai asibiti. In an tai mi za a yi?

Sista_Hadiza
Baba, za a cire cututtukan da MaiAwo ya lissafa, waɗanda ke da magani. Za a kula da barci, da ciwon kai, da bugun zuciya in yana tashi da an miƙe tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a bayanin da ta fitar a 2021 kan ciwon bayan korona sharaɗin da ta sa ke nan: alamun su kai aƙalla wata biyu, yawanci ana ganinsu wata uku bayan kamuwa, kuma a rasa wata cutar da za ta bayyana su. A Gusau akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da asibitin ƙwararru na Yariman Bakura, in abin ya fi ƙarfinsu su tura asibitin koyarwa na Sakkwato.

Bature_Tsafe
Na yarda ƙarambau na dawowa, wannan a fili yake. Amma na Epstein ɗin nan da gajiya, ɗalibi da bakinsa ya ce ana ja. Ina nan kan bakata har a kawo maganin da aka ba mutane ya kashe bairos ɗin suka miƙe.

Dalibin_Likita_Sokoto
A nan kam ba ni da abin da zan ja da kai. Irin wannan gwajin ne zai raba gardama.

Hajiya_Yar_Shinkafi
Sista, tambaya ta ƙarshe. Surukata tana da ƙurajen nan na gefe ɗaya yanzu haka, kuma akwai mai ciki a gidan da jariri. Ana ɗauka?

Sista_Hadiza
Ruwan ƙurajen na iya sa wa wanda bai taɓa yin ƙarambau ba ƙarambau. Ku rufe wurin da tsumma mai tsabta, a riƙa wanke hannu, kada a haɗa zani ko tawul. Mai cikin da jaririn su nisanci wurin har ƙurajen su bushe su yi ɓawo. In mai cikin ba ta tabbatar ta yi ƙarambau tana yarinya ba, ta faɗa a wurin awo gobe, kada ta jira ranar da aka ba ta. Yaushe ƙurajen suka fito?

Hajiya_Yar_Shinkafi
Shekaranjiya da dare.

Sista_Hadiza
To lokacin maganin bai wuce ba. Ku kai ta yau.